Ƙurjin da ke dawowa a dasashi bayan an kashe jijiyar haƙori

A zagayen da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, ba maganar karatu da lissafi kaɗai ake kawo mana ba. In an tashi darasi, mutane sukan matso da tambayoyinsu. Wata rana wani magidanci ya ja mu gefe, ya ɗaga leɓensa, ya nuna mana wani ɗan ƙurji a dasashi. Girmansa bai fi ƙwayar dawa ba. Ya ce wata bakwai ke nan da likita ya kashe masa jijiyar wannan haƙori a birni. Zafi ya tafi, ya samu barci. Amma sai ƙurjin nan ya fito. Yakan fashe, ya bushe, bayan kwana goma ya sake cika. Ya sha ƙwayoyi har ya gaji. Tambayarsa ita ce: aikin ne ya ɓaci, ko kuwa wata cuta ce dabam?

Daga baya mun ji irin wannan kuka a bakin wasu, maza da mata. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a wannan shafi.

Abin da ke cikin haƙori

Babban mutum yana da haƙora 32. Kowane haƙori yana da kai, wanda muke gani, da saiwa, wadda ke binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Dasashi, wanda wasu ke ce wa dasori, shi ne naman da ya rufe wannan ƙashi. Bayan haƙori yana da tauri ƙwarai, ya fi ƙashi tauri. Amma tsakiyarsa rami ne. A cikin ramin akwai wani nama mai taushi, mai jijiyoyin ji da hanyoyin jini. Daga nan wasu ƴan siraran hanyoyi suke gangarawa cikin saiwa har ƙarshenta. Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi. Turmi kuwa, wato haƙorin tauna, yana da uku, wani lokaci huɗu.

In haƙori ya yi kogo, ƙwayoyin cuta sukan ci gaba da shiga har su kai ga wannan nama. A nan ne ake jin zafin da ke hana barci. Babu wata tsutsa a ciki, ko da yake mun taso muna jin haka. Ƙwayoyin cuta ne waɗanda ido ba ya gani, kuma abincinsu shi ne sukari da sauran abin da ya maƙale a baki.

Da can, in abu ya kai haka, sai cirewa. Kashe jijiya dabara ce ta ceton haƙori. Likita yakan yi allurar kashe zafi, ya huda kan haƙorin, ya fitar da naman da ya lalace. Sai ya kankare hanyoyin saiwa da wasu ƙananan ƙarafa masu kama da allura, ya wanke su da ruwan magani. In sun tsabtata sun bushe, ya cika su da wani irin ƙaro mai suna gutaperka, wanda ake samu daga itatuwan ƙasashen Asiya kamar Maleziya. Daga ƙarshe ya liƙe bakin ramin, ko ya sa wa haƙorin hula.

Manomi ya san irin wannan aiki. Kafin a zuba sabon hatsi, ana share rumbu, a toshe ramukan ɓera da na gara, a yaɓe, a rufe da kyau. In an yi haka hatsi ya tsira. In an bar kafa ɗaya, aikin duka yana cikin haɗari.

Mu faɗi gaskiya: wannan aiki yana ci. Cikin haƙora goma da aka yi wa shi da kyau, takwas ko tara sukan warke, a ci gaba da tauna da su shekaru masu yawa. Kuma jin ɗan ciwo na kwana biyu zuwa mako guda bayan aikin ba abin tsoro ba ne. Abin da ke neman kulawa shi ne ciwon da ya wuce haka, ko kumburin da ya tafi ya dawo.

Ƙurjin nan indararo ne

Ga abin da muke so kowa ya riƙe. In ƙwayoyin cuta sun rage a cikin saiwa, sukan fita ta ƙarshenta su shiga ƙashi. Jiki ya yi yaƙi da su, mugunya ta taru. Mugunya tana neman mafita. Sai ta huda ƙashi kaɗan-kaɗan har ta ɓullo a dasashi. Wannan shi ne ƙurjin da ake gani. Aikinsa aikin indararo ne a kan soro: ba shi ke kawo ruwa ba, fitar da shi kawai yake yi.

Saboda haka ne mai ƙurjin sau da yawa ba ya jin zafi. Mugunya tana samun hanya, ba ta matse komai ba. Yakan ji ɗanɗano marar daɗi da warin baki, ko ɗan ciwo in ya tauna abu mai tauri. Sai ya ɗauka sauƙi ya samu. Alhali a can ƙasa cutar tana cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin.

Me ke sa ƙwayoyin cuta su rage? Wani lokaci akwai hanya ɗaya da ta ɓoye, likita bai gan ta ba. Hakan ya fi faruwa a turamen sama, inda hanya ta huɗu takan yi siriri kamar gashi. Wani lokaci saiwar ta lanƙwashe, ƙarfen bai kai ƙarshenta ba. Wani lokaci kuma saiwar ce ta tsage, domin haƙorin da aka rarake ya fi saurin tsagewa. Mai irin wannan haƙori ya yi hankali da fasa ƙashi, da aya busassa, da buɗe kwalba da baki.

Amma dalilin da muka fi gani a karkara daga wajenmu yake. Sau da yawa aikin ba ya ƙarewa a zama ɗaya. A zaman farko likita yakan sa liƙi na wucin gadi, ya ce a dawo. Wannan liƙi na ƴan makwanni ne kawai. To, zafi ya riga ya tafi. Ga kuɗin mota, ga ruwa ya sauka, ga shuka da noman farko. Likitocin haƙori kuwa galibi a manyan birane suke, kamar Yamai, Damagaram, Maradi da Tawa. Sai mutum ya ce sai bayan kaka. Kafin kaka liƙin ya zaizaye, miyau ya shiga, ƙwayoyin cuta sun koma gidansu. Ba mu ga laifin mai gudun asarar damina ba. Shawararmu ita ce, tun kafin a fara, a tambayi likita zama nawa za a yi da kuɗin aikin gaba ɗaya, domin a shirya.

Akwai kuma lokacin da saiwa lafiyarta lau, dasashin ne kansa ke ciwo. Datti yakan daskare a gindin haƙora ya zama kamar dutse. Dasashi ya yi ja, ya riƙa jini in an yi asuwaki, haƙori ya soma girgiɗi. Wannan cuta dabam ce, maganinta kuma dabam: likita ya kankare dattin. Mai ciwon sukari da mai shan taba sun fi fama da ita, kuma mikinsu ya fi jinkirin warkewa.

Dalilin da ƙwaya ba ta isa

Maganin da aka haɗiya cikin jini yake tafiya. Inda jini ya je, nan magani ke zuwa. Haƙorin da aka kashe wa jijiya kuwa, jini ba ya shiga cikinsa kuma. Ƙwayoyin cuta suna zaune a wurin da magani ba shi da hanyar kaiwa. Ƙwayar kashe cuta takan rage kumburin da ke kewaye, ƙurji ya lafa. Da an daina sha sai ya dawo. Wanda ke sayen ƙwayoyi bibbiyu a farantin ƴan talla yana asarar kuɗinsa, kuma yana koya wa cutar jure magani. Ranar da ya buƙaci maganin da gaske, sai ya ƙi ci.

Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, yana ƙona nama. Kada a ɗiga ruwan batir ko fetur, kada a cusa garin taba. Kada a tsaga ƙurjin da ƙaya ko reza. Kanumfari yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, haka ma kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. Ana iya yin su kafin a samu tafiya, amma ba su kai ga saiwa.

Abin da likita zai yi

Da farko zai ɗauki hoton haƙorin, wanda muke kira radiyo. Mace mai ciki ta gaya masa tun da wuri. A hoton ne ake ganin baƙin tabo a ƙarshen saiwa, da inda ƙaron ya tsaya. In haƙorin yana da sauran ƙarfi, zai buɗe shi, ya fitar da tsohon ƙaro, ya sake wankewa, ya sake cikawa. In hakan bai yiwu ba, akan yi ƙaramar tiyata ta dasashi, a yanke ƙarshen saiwar, a toshe. In kuwa saiwar ta tsage daga sama zuwa ƙasa, sai cirewa. Wasu suna tsoron cire haƙorin sama, wai yana rage gani. Ba haka ba ne, jijiyar gani dabam take.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya. Kumburi ya hau kunci har ya kusa rufe ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya. Zazzaɓi ya zo tare da shi. Baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta yi wuya, ko numfashi ya yi nauyi. Wannan yana nufin mugunya ta bi ta cikin nama, kuma tana iya kisa. A tafi gidan likita mafi kusa nan take, ko da dare ne, su za su tura mutum babban asibiti.

Magidancin nan da muka fara da labarinsa ya koma birni bayan ya sayar da wakensa. Ya tafi da takardun aikin farko, ya gaya wa likita duk ƙwayoyin da ya sha. Aka ɗauki hoto, aka buɗe turmin, aka samu hanya ta huɗu wadda ba a taɓa ba. Zama biyu aka yi. Cikin mako biyu ƙurjin ya rufe. An ce ya koma bayan wata shida a sake hoto, domin ƙashi ya fi dasashi jinkirin cikowa, wani lokaci yakan kai shekara ko fiye. Ya rubuta watan da hannunsa a bayan littafinsa na lissafi.