Yawan fotasiyom a cikin jini: haɗarin da ke iya tsayar da zuciya ba zato

A lokacin damina, idan zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yi yawa a ƙauyukan Tasawa da Mayahi, akwai wata matsala da ke biyo bayansu wadda jama'a ba su cika saninta ba. Ita ce yawan sinadarin fotasiyom a cikin jini.

Jiki na buƙatar wannan sinadari don zuciya ta riƙa bugawa daidai, kuma ƙoda ce ke fitar da rararsa ta hanyar fitsari. A jinin mai lafiya, awonsa na tsakanin 3,5 da 5. Idan ya kai 5,5 ya fara yawa, idan kuma ya kai 6,5 likitoci na ɗaukarsa a matsayin larurar gaggawa, domin zuciya na iya tsayawa nan take.

Babban dalili shi ne gazawar ƙoda. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ƙarewar ruwan jiki saboda amai da gudawa, zubar jini bayan haihuwa da saran maciji, duk suna iya kassara ƙoda cikin ƴan kwanaki. Wasu magunguna ma na ƙara haɗarin: na ciwon jiki irin su diclofénac da ibuprofène da ake saye a teburan kasuwa, da na hawan jini irin su captopril da spironolactone.

Abin tsoron shi ne sau da yawa babu alamar da ke fitowa fili. Wani majiyyaci kan ji kasala ko mutuwar ƙafafu, wani kuwa ba ya jin komai. Gwajin jini da awon bugun zuciya na ECG ne ke tabbatar da ita.

A 2018 hukumar lafiya ta Ingila ta fitar da gargaɗi ga asibitocinta kan wannan larura, saboda jinkirin ba da magani. Ƙa'idar da likitoci ke bi tana da matakai. Da farko a yi allurar kalsiyom ta jijiya don kare zuciya. Daga nan a sa insulin tare da ruwan sukari, wanda ke tura sinadarin cikin ƙwayoyin jiki na ƴan awanni. Sai a dakatar da maganin da ya jawo matsalar. Insulin na iya faɗar da sukarin jini, shi ya sa dole a yi ta auna shi bayan allurar. Idan ƙoda ta ƙi tashi, sai wankin ƙoda, wanda ake samu a manyan asibitoci kamar na Lamorde a Yamai.

Ga mutumin Kona, hanyar na da tsawo: daga CSI zuwa asibitin Tasawa, daga nan zuwa Maraɗi. Don haka masu jinya na da rawar takawa. Idan fitsarin mara lafiya ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke, a gaya wa ma'aikatan lafiya a ranar. A tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likita game da dabino, ayaba, tumatir da wake, domin suna da fotasiyom da yawa, ko da yake ga mai lafiyar ƙoda ba su da wata illa.