Rabin kilo a kan sandar giya: me masu motocin gudu ke saye?

A 2020, lokacin da Honda ta sabunta Civic Type R, injiniyoyinta sun sauya siffar kan giyar motar, suka cusa masa ƙarin nauyin giram 90 a ciki. Bayan shekara biyu Toyota ta fito da GR Supra mai giyar hannu, kan giyarta giram 200. Waɗannan kamfanoni ne masu filin gwaji da na'urorin awo, kuma iya nan suka tsaya. Amma a kasuwar kayan ƙawata mota, kan giya na ƙarfe ko na tagulla mai giram 500 ko fiye ya zama ruwan dare, ana tallarsa da cewa giya za ta riƙa faɗawa da kanta. Wannan tazarar ce ta dame ni, domin yawancin masu sayen nan ba gyara suke saye ba. Abin da zai rufe musu bakin giyabos suke saye.

Bayanin da aka fi ji shi ne giyar hannu na ƙarewa, don haka masu ita ke ji da ita. Akwai gaskiya a ciki. A Amurka, kusan kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin 1980 manuwal ne. A 2021 ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, kafin su ɗan farfaɗo zuwa kashi 1.7 a 2023. Ferrari da Lamborghini sun yi sallama da kuloci fiye da shekara goma da suka wuce, Corvette ta 2020 ta fito babu shi, Volkswagen ma ta daina yin Golf GTI manuwal bayan 2024. Abin da ya yi ƙaranci dole a yi alfahari da shi. To amma wannan bai gaya mana dalilin da ya sa hannun kowa ke zuwa kan wannan ɗan mulmulen ba.

A ganina babban dalili shi ne motar zamani ta rufe wa mai ita ƙofa. A da, mai motar gudu yakan buɗe bonet ranar hutu, ya taɓa kafireto, ya gyara filogi, ya ji canjin da kunnensa. Yau kwamfuta ke riƙe da injin. Ka taɓa ta, garantin kamfani ya shiga haɗari. Ka sauya salansa, dokar hayaƙi da ta ƙara suna jiranka a Turai da Japan. Ka cire sitiyari ka sa na tsere, jakar iskar da za ta tare maka fuska ranar hatsari ta tafi. Me ya rage? Kan giya. Ba ya buƙatar bakanike, ba ya buƙatar jak, a motoci da dama murɗawa kawai za ka yi ya fita, kuma shi ne abin da tafin hannunka ke taɓawa duk tsawon tafiya. Mutum yana son ya ce shi ma ya sa hannu a motarsa, kuma babu hanya mafi araha ta faɗin haka. 'Yan kasuwa sun gane wannan ƙishirwa. Da yake ba za a iya nuna daɗin canza giya a hoto ba, sai suka nemi abin da za a rubuta da lamba, suka samu nauyi. Mai giram 300 ya ga maƙwabcinsa na sayar da 450, gobe ya kawo 600.

Nauyin yana aiki, kuma a nan matsalar take. Sandar giya doguwa ce, idan ka ɗora mata ƙarfe mai nauyi a ka, da zarar ka tura ta nauyin zai ƙarasa tafiyar, ya danne ƙananan ciccijewar da hannu ke ji. Sai dai wannan ciccijewa saƙo ce. A cikin giyabos akwai zobba masu daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, kuma suna buƙatar ɗan lokaci, musamman da safe kafin mai ya ɗau zafi. Idan giya ta biyu ta fara gardama, galibi ko man giya ya tsufa, ko bushin ɗin sandar ya cinye, ko kuloci ba ya saki sosai. Duk waɗannan gyaransu ba ya da tsada idan an kama su da wuri. Mai motar da ya ɗora rabin kilo ya daina jin gardamar kamar mai ciwon haƙori ne da ya sha maganin kashe zafi ya fasa zuwa asibiti. Zoben yana ci gaba da cinyewa, direba kuma ya ƙara saurin hannu tunda komai ya yi masa laushi. Ranar da ƙarar haƙora ta fito fili, sai an sauke giyabos. Ba don banza ba littattafan kamfanonin mota da yawa ke hana direba ɗora hannu a kan sandar giya yana tafiya: matsin yana sauka har kan cokulan da ke tura giya. A hanya mai gargada, sanda mai nauyi a ka tana ƙara jijjiga, kuma giyar da ta riga ta yi sanyi tana iya tsalle ta koma firi.

Sai batun ɗaurawa, inda ɓarna ta fi saurin faruwa. Zaren sandar ba iri ɗaya ba ne. Honda na amfani da M10x1.5, Mazda da Nissan M10x1.25, Toyota da Subaru M12x1.25. Na Honda da na Mazda kaurinsu ɗaya, tazarar zaren ce ta bambanta, shi ya sa kan giyar Mazda MX-5 zai hau sandar Honda S2000 ya yi zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije. Wanda ya ƙara ƙarfi a nan ya kashe zaren. BMW kuwa ba ta da zare kwata-kwata, fizgo shi ake yi sama, mai murɗawa sai ya karya haƙoran da ke riƙe da shi. A Toyota 86 da Subaru BRZ, ribas na gefen giya ta ɗaya, kuma sai ka ɗaga wani zobe da ke ƙarƙashin kan giyar kafin ta shiga. Kan da ba a rarake masa gurbin zoben ba yana hana shi tashi, ribas ta ƙi shiga. Wasu sukan cire makullin gaba ɗaya don kan ya zauna, wato sun bar ƙofa a buɗe ga shiga ribas a madadin ta ɗaya a tsakiyar cunkoso. Mafi muni shi ne irin wanda ake cewa yana hawa kowace mota, mai ƙananan kusoshi uku a gefe. Jijjiga na kwance su a hankali, har wata rana direba ya jawo giya ta uku a kwana ya ga kan a hannunsa.

Akwai kuma zanen giyar da ke saman kan asali. Dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera mota su nuna shi inda direba zai gani, a Japan ma masu duba lafiyar mota suna nemansa. Yawancin na kasuwa sumul suke, babu lamba ko ɗaya. Mai motar ya haddace, amma ƙaninsa da ya ara fa, ko yaron bakanike? Ga mu nan da ke sayen waɗannan motoci na hannu, zafi ma abin dubawa ne: kan alminiyom da ya wuni a rana a Sakkwato cikin Afrilu ba ya taɓuwa sai da tsumma.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujja, ba zan hana su ba. Hannun mutane ba girma ɗaya ba ne, wanda ya ajiye na asali yana iya mayarwa cikin minti biyu, kuma kamfanonin da kansu sun daɗe suna wasa da kan giya. Ƙwallon golf da ma'aikaciyar Volkswagen Gunhild Liljequist ta ɗora wa GTI ta 1976 har yau ana tunawa da shi. Amma a lura da abin da masu tsere na gaske suka zaɓa. Porsche 917 da ta ci gasar Le Mans a 1970 kan giyarta na katako ne marar nauyi, kuma don tunawa da shi aka yi wa Porsche Carrera GT na katako. Direban da zai yi sa'o'i yana canza giya so yake ya ji abin da haƙora ke yi.

Tasirin da bai gama bayyana ba yana kasuwar motocin hannu. Yayin da manuwal ke ƙara wuya, masu neman tsofaffin S2000 da MX-5 sun fi biyan kuɗi a kan wadda ba a taɓa ba, kuma cikin mota suke fara leƙawa. Kan giyar kasuwa yana sa mai saye ya tambayi me kuma aka canza, da yadda aka tuƙa ta. Mai saye da ya san abin da yake yi zai nemi a mayar da na asali kafin gwaji, ya tayar da motar da sanyin safiya, ya sa ta biyu a hankali ya saurara.