Kunya a Faransancin Abijan

Saurayin da ya baro Tawa ko Maradi ya sauka unguwar Adjamé a Abijan yakan fara neman na kansa a rumfar garba, wato attiéké na rogo da soyayyen kifin tuna, abincin da aka laƙaba wa sunan 'yan Nijar masu sayar da shi. Lissafin sefa da ba da canji ba sa ɗaukarsa mako guda. Inda harshe ke kayar da shi, wajen maganar kunya ne.

A gida, in aka ce yarinya tana da kunya, yabo ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruki ba ya sakin jiki ya ci abinci gaban surukarsa, duk kunya ce. Sai ga saurayin nan a unguwar Treichville an ce masa fassararta honte. Ranar da ya so yaba tarbiyyar 'yar maƙwabci da wannan kalma, uban zai ɗaure fuska, domin a Faransanci wanda ya yi abin assha shi ke da honte. Kunyar tarbiyya pudeur ce, kalmar da ba kasafai ake jin ta a tashar motocin haya na gbaka ba. Julanci ya fi kusa da Hausa: maloya na ɗaukar ma'anonin biyu.

Ga kuma Nouchi, yaren titi da ya kunno kai a Abijan wajen ƙarshen shekarun 1970. Drap a ƙamus zanin gado ne, a kasuwa kuwa abin kunya ne ko rigima. Mai garba ya ce a ɗan jira canji, mai saye ya ɗaga kafaɗa ya ce "y a pas drap", ba komai ke nan.

Wadda ta fi armashi ita ce verser la figure par terre, zubar da fuskar mutum a ƙasa. Nan Bahaushe ba ya neman tafinta, zubar da mutunci ne tsaf. 'Yan Sin da ke kasuwanci a Adjamé ma sun san ta: diu lian, yar da fuska, wadda Ingilishi ya ara daga gare su a ƙarni na 19.

Don haka mai shirin zuwa cirani Abijan, ka yabi 'yar mutane da bien éduquée, ka bar honte ga wanda ya ci bashin garba ya sauya hanya.