Gyaran Akori-kura Bayan Gobara

Akori-kurar Peugeot 404, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ta daɗe tana dakon kaya tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. In gobara ta kama ta a gareji, kada mu yi gaggawar miƙa ta ga 'yan gwangwan. Sau da yawa injin yakan tsira, muddin ba a kwara masa ruwa da zafinsa ba, gama ƙarfen kan tsage. Wayoyi da robobin birki kuwa, sai sababbi. Abin tsoro shi ne sifirin: wuta takan kashe taurinsa, ido ba ya gani, sai an labta buhunan gero an kama hanyar Zurmi ya lanƙwashe. Lalle mu sauya shi tun a gida, fenti ya jira.