Kamara ta fi ido ganin gajiyar ɗan kokowa

Gasar kokowa ta Takobin Ƙasa da aka buɗe a Difa cikin watan Disamba na 2022, Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, shi ya tafi da takobinta. Samarin kwarin Komadugu masu neman bin sawunsa sai su duƙufa ga ɗaga ƙarfe. Amma yaushe mai horarwa zai ce wa yaro ya aje? Ido ba ya ganin gajiya sai ta yi nisa, yaro kuwa kunya ba ta barinsa ya faɗa, har kafaɗa ta goce.

A 2011 wasu masana na ƙasar Ispaniya, Sanchez-Medina da Gonzalez-Badillo, sun nuna cewa raguwar saurin ƙarfe ita ce alamar gajiyar tsoka. Auna wannan sauri bai fi ƙarfin salula mai ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa ba. A kafa ta daga gefe, kada a motsa ta. Faifan ƙarfe na gasa faɗinsa santimita 45, shi ne ma'auni cikin hoton. Mai ƙarfen siminti sai ya ari tef ɗin tela. Ƙarfen da ya hau santimita 50 cikin hoto 120, saurinsa mita ɗaya ne a daƙiƙa.

Wani bincike na 2017 ya gano waɗanda ke dakatawa idan sauri ya ragu da kashi 20 cikin 100 sun sami ƙarfi kusan daidai da masu nacewa har kashi 40, tsallensu ma ya fi.