Baƙon Zomo da Ɓeran Masar: Tsoro Ya Fi Cuta Kashe Su

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi, ko ta Dambatta, ko ya ratsa ƙasar Dawakin Tofa da Minjibir, ya san yadda gonaki su ke manne da juna. Ba saura, ba makiyaya sai ɗan burtali. Tun a shekarun 1960 wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi bincike a kan wannan karkara, ya nuna yadda mutanenta su ke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, da ƙarfin takin dabbobinsu. Yau jama'a sun daɗu, ƙasa kuwa ba ta daɗu ba.

Saboda haka ne mutane da yawa, har da 'yan kasuwa da malaman ofis, su ke juyawa ga ƙananan dabbobi waɗanda ba su bukatar fili, watau zomo da ɓeran Masar. Zomo a na cin namansa, a na sayarwa, kashinsa kuma taki ne mai kyau ga lambu. Ɓeran Masar kuwa galibi yara ne ke kiwonsa, don sha'awa da ɗan kuɗin kashewa.

Amma akwai wani abin baƙin ciki da ya ke yawan faruwa. Mutum ya sayo dabba lafiya lau ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta zagayo ta mutu. Sai ya ce an cuce shi, an sayar masa da mai cuta. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ba daga kasuwa mutuwar ta zo ba, a gida ta same ta. Abu uku ne su ke haɗuwa: firgita, da zafi, da sauyin abinci farat ɗaya.

ASALINSU

Wanda ya san inda dabba ta fito, ya san abin da ta ke so. Zomon gida ba ɗan zomon dajinmu ba ne. Na daji a sarari ya ke kwana, gudu ne makaminsa. Na gida kuwa kakanninsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal su ke, a rami su ke zama, in abu ya taso sai su faɗa ciki. Don haka in ya rasa wurin ɓuya, hankalinsa ba ya kwantawa.

Ɓeran Masar ba daga Masar ya zo ba. Turawan Ingila ma suna ce masa aladen Gini, alhali shi ba alade ba ne, ba kuma daga Gini ya fito ba. Asalinsa duwatsun Andes ne na Amurka ta Kudu, wajen Peru da Bolibiya, inda a ke da sanyi, kuma har yanzu mutanen can suna kiwonsa don nama. A Kamaru da gabashin Kwango ma a na yin haka.

Yana da wani ɗan'uwa a ƙasar Chile mai suna degu, wanda Turawa su ke ajiyewa a keji don sha'awa. Shi degu in an kama shi ta wutsiya, fatar wutsiyar sai ta zare ta bar mutum da ita a hannu, ba ta kuwa sake tsirowa. Dabara ce da Allah ya ba shi don kuɓuta daga maƙiyi. Wannan ya isa ya nuna halin irin waɗannan dabbobi duka. Su abin farauta ne, kullum a tsorace su ke, duk hannun da ya sauko musu daga sama kuwa a wurinsu shaho ne.

A GINA ƊAKI KAFIN A SAYO

Kuskure na fari shi ne a sayo dabba sa'an nan a shiga neman inda za a sa ta. Sai ta kwana biyu cikin kwali ko ƙarƙashin kwando, yara suna ɗagawa suna leƙe. Lalle ne ɗaki ya riga baƙo zuwa.

Ga zomanya guda, keji mai tsawon ƙafa 3, faɗin ƙafa 2, tsayi ƙafa 2 shi ne mafi ƙanƙanta, in ya fi haka ya fi kyau. A yi masa ƙafafu ya tashi daga ƙasa kamar ƙafa 2 ko 3, don kare da gafiya da kwarkwasa. In ƙasan kejin ragar waya ne, a sa ɗan katako a gefe guda inda za ta huta da ƙafafunta.

Ɓeran Masar ba ya hawa, ba ya tsalle sosai, kuma waya tana ji wa tafin ƙafarsa ciwo. Shi daɓe ya ke so. A kewaye wuri da tubali, tsawon ƙafa 4, faɗin ƙafa 2 domin guda biyu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a riƙa sauya ta in ta jiƙe. A rufe sama da raga saboda muzuru da shirwa, a toshe duk wata kafa da maciji zai iya bi.

Abin da ya fi kome muhimmanci a ciki shi ne maɓoya. Ba sai an kashe ko kwabo ba. Tsohon tulu mai faɗin baki, ko randar da ta fashe, a kwantar da ita a lungu, ta isa. Kowace dabba a ba ta tata. Masu sabon kiwo su kan cire maɓoya wai don dabbar ta saba da mutane. Akasin haka ne ke faruwa. Dabbar da ta san tana da wurin gudu ita ce ta ke yarda ta fito.

ZAFI DA HUNTURU

Waɗannan dabbobi sun fi jin daɗi in ma'aunin zafi bai wuce digiri 24 ba. Da ya haura 30 sun shiga wahala. A ƙasar Kano kuwa, cikin watan Afrilu, zafin rana ya kan kusa 40. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa ya ke fitar da zafin jiki. Don haka rufin kwano mara komai a ƙarƙashinsa tanderu ne. A yi rufi da ciyawa ko zana, a ajiye keji ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, a lura kuma kada ranar yamma ta riƙa bugunsa.

Da bazara a riƙa yayyafa ruwa a bayan tulun nan na ɓuya, ya yi sanyi kamar yadda randa ta ke sanyaya ruwa. In an ga zomo ya miƙe yana haki, hanci a jiƙe, a kai shi inuwa nan da nan, a shafa masa ruwan randa a kunnuwa. Kada a tsoma shi cikin ruwa. Da hunturu kuwa, cikin Disamba da Janairu, a tare gabas da arewa da buhu ko zana saboda iska da ƙura, amma a bar wani gefe a buɗe.

Tun wajen ɗaukowa ma a kiyaye. A sayo da safe, a sa cikin kwali mai huji da ciyawa a ƙasa. Kada a sa a buhun leda, kada kuma a ɗaure kwalin a bayan babur a tsaya cikin rana a na hira.

KWANA UKU NA FARI

Da an iso gida, a sa kwalin cikin keji, a buɗe, a bar dabbar ta fito da kanta. A ajiye ruwa a ƙaramin kasko mai nauyi da ba zai kife ba, da abinci, sa'an nan kowa ya tafi. Har kwana uku kada wanda ya taɓa ta. Nan ne wahalar ta ke, gama yaran gida da na maƙwabta duk za su taru. Aikin maigida ne ya tsawata. A ɗora wa mutum ɗaya kula da su, ya riƙa zuwa lokaci ɗaya, da sassafe da kuma bayan la'asar, don a lokutan nan ne zomo ya fi cin abinci.

Akwai alamun tsoro da ya kamata a sani. Zomo ya kan buga ƙafar baya a ƙasa, ko ya lafe ya kwantar da kunnuwa, idanu a waje. Ɓeran Masar ya kan sandare kamar gunki, ko duk su watse da gudu har su tattake 'ya'yansu. Mutum ya ga dabba ta yi shiru a hannunsa sai ya ce ta saba, alhali tsoro ne ya ƙame ta.

Bayan kwana uku, mai kula ya zauna kusa da keji, yana magana a hankali, ya miƙa ɗan ganye ya tsaya cik. Yau ta ƙi, gobe ta sansana, jibi ta karɓa. Wata cikin mako guda ta ke sabawa, wata sai ta yi wata. Sannu ba ta hana zuwa.

In lokacin ɗauka ya yi, kada a ɗauki zomo ta kunne ko da an saba ganin haka a kasuwa. Ƙafafunsa na baya suna da ƙarfi, ƙashin bayansa kuwa ba shi da ƙwari, in ya yi harbi yana reto sai gadon baya ya karye. A sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, a manna shi a jiki. Haka ma ɓeran Masar, da hannu biyu, balle mace mai ciki. Yaro in zai riƙe, ya zauna a ƙasa tukuna.

ABINCI

Mai saye ya tambayi mai sayarwa abin da ya ke ba su, ya ci gaba da shi har mako guda. Cikin waɗannan dabbobi yana da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da ciyawa, kuma sauyi farat ɗaya yana hargitsa su, sai zawo ko kumburi. Duk sabon abinci a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa.

Gindin abincinsu shi ne ciyawa da harawa, ta gyaɗa ko ta wake, wadda ba ta yi fumfuna ba. Haƙoransu ba su daina tsiro, taunar nan ce ke rage su. A ƙara da ganyen dankali, da zogale, da ɗan dusa. Dusa da hatsi kada su yi yawa. A nisanta su da tumfafiya, da zurma, da zaƙami, da ɗanyen ganyen rogo, da duk ciyawar da aka yi wa feshi.

Ɓeran Masar yana da wata bukata ta dabam. Kamar mutum, jikinsa ba ya haɗa sinadarin bitamin C, sai ya samu cikin ɗanyen ganye kowace rana. Da rani, sa'ad da kome ya bushe, a nemo masa ragowar ganye daga masu lambu, in ba haka ba gaɓoɓinsa su kumbura, dasashi ya riƙa jini.

Kowace safiya a dubi kashinsu. Zomon da ya wuni bai ci ba, bai kuma yi kashi ba, yana cikin haɗari, a nemi malamin dabbobi a ranar. Kada a ba su kafso irin na mutane, kamar ampisilin da amokisilin. Irin wannan magani in ya bi ta baki yana kashe halittun nan na cikinsu, ya kan kashe dabbar ma.

ZAMA DA JUNA

Ɓeran Masar, kamar ɗan'uwansa degu, ba ya zaman kaɗaici. A ƙasar Suwizalan tun 2008 doka ta hana a ajiye shi shi kaɗai. A sayi biyu, mata biyu ko waɗanda suka tashi tare. Amma kada a haɗa shi da zomo wuri ɗaya, gama zomo ya kan harbe shi, ya kan kuma ɗauke da cutar numfashi da ba ta damunsa amma tana kayar da ɓeran. Manyan zomaye maza biyu kuwa faɗa za su yi ta yi, kowa da kejinsa.

Wanda ya ke da dabbobi a gida tun da, ya ware baƙo nesa da su har mako biyu a ƙalla, in da hali wata guda. A shekarar 2020 wata annoba mai sa zomaye zubar jini ta ɓulla a Nijeriya, ta yi ɓarna a jihohin Kwara da Oyo, kuma sayen zomo daga wani wuri yana cikin hanyoyin da ta ke bi. Kada kuma a yi gaggawar barbara. A bari baƙuwa ta natsu tukuna. Cikin zomanya kwana 31 ne, na ɓeran Masar kuwa ya kan haura wata biyu. Zomanyar da a ke yawan firgitawa ta kan watsar da 'ya'yanta, wata ma ta cinye su.

Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman gona na KNARDA, ko ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarsa. Akwai kuma Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, da cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika kusa da Zariya.

Malamai sun sha faɗa cewa wanda ya tsare dabba, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyansa. Tsohon tulu, da inuwa, da haƙurin kwana uku, ba su fi ƙarfin kowa ba. Allah ya sa albarka a kiwo, amin.