Tsufa a ƙasar wani: lissafin da ɗan biɗa ba ya yi sai ƙarfi ya ƙare

Masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk gidan da ke da ɗa a Turai, a Maraɗi ne ko a Tawa ko a Yamai, ba a rasa mai yi masa lissafin albashi ba tare da kowa ya sa shi ba. Lissafin kuwa ba shi da wuya. Tun shekara ta 1999 yuro guda yana tsaye a kan dala 131 da ƴar ɗoriya. Albashi mafi ƙanƙanta a Faransa a 2025, bayan an cire abin da ake cirewa, ya ɗara yuro 1,400 kaɗan a wata, wato sama da jika 900. A Nijar kuwa albashi mafi ƙanƙanta jika 42 ne tun watan Janairu na 2024. Ke nan mai sharar titi a birnin Pari ya ninka takwaransa na Damagaram fiye da sau ashirin. Nan lissafin ƴan zaure yake tsayawa, sai a shiga jiran saƙo.

Abin da ba a sawa cikin wannan lissafi shi ne, mai karɓar albashi da yuro, da yuro yake kwana, da yuro yake ci. Ɗaki guda mai ɗan makewayi da wurin girki, a Pari ko kewayenta, da wuya a same shi ƙasa da yuro 600 ko 700 a wata. Katin shiga jirgin ƙasa da motocin safa na yankin, wanda ake kira Navigo, yuro 88.80 ne a wata a 2025, kimanin jika 58, wato ya fi albashin ƙaramin ma'aikacin Nijar ɗungurungum. Sauƙinta dai ubangidan aiki na biyan rabi. Ga kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki lokacin sanyi, ga asurans na lafiya mai cike abin da gwamnati ba ta biya. Abin da ke isowa gida ƙarshen wata, sau da yawa ba rarar kuɗi ba ce. Kwanan mutum uku ne a ɗaki ɗaya, da tukunyar taro, da rigar sanyi guda shekara biyar.

Ran 12 ga watan Janairu 1994, da aka karya darajar sefa, tamma guda ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, saƙon ƴan Turai ya ninka a dare ɗaya. Iyalai da yawa sun ɗauka arziki ne ya ƙaru. A can kuwa ko dala ba ta ƙaru a aljihun mai aikowa ba, sai dai buƙatun da ake jibga masa.

Duk wannan mai sauƙi ne muddin da sauran ƙarfi. Maganar tana tsananta ne ranar da gwiwa ta fara ƙara, mai gida ya ce ga takardarka ta ritaya.

Ƴan Nijar ba su da yawa a Faransa in aka kwatanta su da mutanen Mali da Senegal, balle na Aljeriya da Maroko. To amma abin da ya sami waɗancan, waɗanda suka riga kowa zuwa, shi ke jiran na baya, don doka ɗaya ce. Sun tafi cikin shekarun 1960 da farkon 1970, kafin Faransa ta rufe ƙofar ɗaukar ma'aikatan waje a 1974. Suka yi aikin gini, da shara, da masana'antun mota irin ta Renault da ke Biyankur, wadda aka rufe a 1992. Aka zaunar da su gidajen gwauraye na kamfanin Sonacotra, wanda aka kafa a 1956, aka sake masa suna Adoma a 2007. Wasu ɗakunan faɗinsu bai wuce murabba'in mita bakwai da rabi ba: gado, da akwati, da wurin shimfiɗa buzun salla. An gina su don zaman shekara biyu ko uku. Akwai waɗanda suka shiga suna samari, yau ga su ciki da furfura da sanda.

Me ya hana su komawa gida? Amsar tana cikin yadda ake lissafin fansho.

A Faransa ba shekarun da mutum ya zauna ake ƙirgawa ba, ana ƙirga abin da aka zuba masa a asusu ne, wata uku-uku. Shekarun fara karɓa suna tsakanin 62 da 64, gwargwadon shekarar haihuwa. Cikakken fansho na tushe rabin matsakaicin albashi ne, ana kuwa fitar da matsakaicin daga shekaru 25 da mutum ya fi samu. Kafin gyaran dokar 1993 shekaru 10 kawai ake dubawa, abin da ya fi yi wa talaka daɗi. Sa'an nan sai mutum ya cika shekarun zubi, waɗanda suka kai 43 ga ƴan baya. Wanda bai cika ba, in ya haƙura har ya kai shekara 67 ba za a yanke masa tara ba, amma za a ba shi gwargwadon abin da ya zuba ne kawai.

A nan ne baƙo yake faɗuwa. Ya iso yana da shekara 30 ko 35. Ya yi shekaru ba takardar zama, yana aikin ɓoye, ko yana aiki da takardun wani ɗan'uwa, zubin yana tafiya da sunan mai takarda. Ya yi zaman rashin aiki. Ya zo gida ya yi wata shida, an yi aure, an yi suna. A ɗauki misalin wanda aka rubuta wa shekara 20 cif, matsakaicin albashinsa yuro 1,800. Rabi 900 ne. Kashi 20 cikin 43 na wannan bai wuce yuro 420 ba. A ƙara ɗan abin da asusun cikawa na Agirc-Arrco zai ba shi. A Tawa, yuro 420 jika 275 ne kowane wata, abin da malamin makaranta da yawa ba su taɓa gani a takardar albashi ba. A Pari ko kuɗin ɗaki bai kai ba.

Wannan fansho na gumi haƙƙinsa ne, yana bin sa duk inda ya koma. Akwai ma yarjejeniyar da Nijar da Faransa suka sa wa hannu a 1973, wadda ta tanadi a haɗa shekarun da ma'aikaci ya zuba a asusun CNSS da waɗanda ya zuba can, kowace ƙasa ta biya nata kason. Wanda ya yi aikin albashi a Yamai ko Arlit kafin ya tafi, tsoffin takardunsa kuɗi ne, ko da sun yi ja don daɗewa.

Sai dai akwai kuɗi na biyu, wanda shi ba ya shiga jirgi. Tsohon da ya kai shekara 65, fanshonsa bai isa ba, gwamnati na cika masa da tallafin da ake kira ASPA, har abin da ke shigo masa ya kai yuro 1,034 a wata ga mutum ɗaya, bisa ƙa'idar 2025. Sau da yawa baƙo sai ya nuna ya riƙe takardar zama mai izinin aiki shekara 10 kafin a ba shi. Babban sharaɗi kuma shi ne ya zauna cikin Faransa wata tara a kowace shekara. Tallafin kuɗin haya ma da nasa sharaɗin zama. Ana duba tambarin fasfo. Wanda ya zarce kwanaki wurin iyalinsa, ba yanke tallafin kaɗai ake yi ba, ana iya bin sa bashin abin da ya riga ya ci. In kuma ya rasu ya bar dukiyar da ta haura wani adadi, ana iya cire tallafin daga gādonsa.

To, ga tsoho tsakanin kura da siyaki. In ya koma gida, rabin abin da yake samu ya tafi, alhali mutum goma sha biyar ke ci daga hannunsa. In ya zauna, zai ci gaba da aikowa, amma jikokinsa sai ta wayar salula. Da yawa sun zaɓi zama, ba don son sanyi ba. Wanda ya shekara arba'in ana kiransa bangon gida, da nauyi ya dawo ya ce abin ya ragu. Ba wanda ya tambaye shi. Shi ma bai faɗa ba.

Ga kuma ciwo. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko wanda ake wanke wa ƙoda, ya san abin da magani ke ci a gida, inda mafi yawan jama'a daga aljihu suke biya. Tun 1998 akwai takardar zama ta ƴan ritaya, mai shekara 10, wadda ke ba wanda ya koma ƙasarsa damar zuwa Faransa ya yi har shekara guda a kowace tafiya. Amma tun watan Yuli na 2019, ƙa'idar da aka sa ita ce sai wanda ya yi zubin shekara 15 ake ɗaukar nauyin maganinsa in ya zo ziyara. An kuma ƙirƙiro wani tallafi na musamman don tsofaffin gidajen gwauraye masu son daɗewa a ƙasashensu: an yi dokarsa a 2007, bai fara aiki ba sai 2016, kuma sharuɗɗansa suka yi tsauri har waɗanda suka nema ba su taka kara sun karya ba, sai da aka sake masa fasali.

Wanda ya dawo ɗin ma bai rabu da takarda ba. Kowace shekara sai ya aika da shaidar cewa yana raye, da sa hannun hukuma, in ba haka ba a tsayar da biya. Zirga-zirga kuma ta ƙara wuya tun da Air France ta dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta na 2023, aka rufe ofishin jakadancin Faransa a watan Janairu na 2024.

Mai karatu ɗan kasuwa yana iya cewa wannan matsalar masu albashi ce. Gaskiya ne, shi tasa ta fi. Mai tebur a Abijan, da mai canji a Kwatano, da mai sayar da fata a Kano ba su da asusun kowa. Fanshonsu gida ne, da shanu, da ƴaƴa. Tambayar ita ce a wace ƙasa aka aje su, kuma da wane kuɗi. Wanda ya tara naira ya ga yadda dala ɗaya ta Amurka ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, tanadin shekaru ya narke yana cikin banki. Dattawa kuma ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, ko 1983 a Najeriya, ko 2011 a Libiya, inda mutane suka iso Dirku da Agadas da rigar wuyansu kaɗai. Shi ya sa ake gini a gida. Amma ginin da mai shi ke nesa yana da nasa labarin: an aiko kuɗin rufi sau uku, mai gida ya sauka ya tarar da kango, takardar fili kuma da sunan ƙane. Ba a kai ƙarar ɗan'uwa, sai a ce Allah ya isa a zuci.

Ma'aikacin gwamnati mai shirin tafiya shi ma ya duba irin takardar da zai fita da ita. Wanda aka ba aro ga wata hukumar ƙasa da ƙasa, ana ci gaba da zubinsa, daban yake da wanda ya ɗauki hutun ajiye aiki, wanda shekarunsa na waje ba sa shiga lissafin fanshonsa na gida. Asusun ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ba ya ba da fansho na wata-wata sai an yi zubin shekara biyar. Ƙasa da haka kuɗinka ake maido maka a dunƙule.

Abin mamaki, tanadin da kusan kowane baƙo a Faransa yake yi ba fashi shi ne na gawa. Ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya suna da asusun da kowa ke zubawa domin in ta Allah ta kasance a sa mamaci cikin jirgi a kai shi gida, abin da ke cin dubban yuro. An shirya wa komawar ƙarshe tsaf. Komawa da rai ce aka bar wa hali.

Tsoffin sojan da suka yi wa Faransa yaƙi sun riga kowa ɗanɗana wannan. Dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan abin da yake lokacin samun mulkin kai, ba a daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa gaba ɗaya ba sai 2011, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2010, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Ƴan kaɗan da suka rage a Faransa suna zaune cikin ƙananan ɗakuna don kada tallafin tsufa ya kuɓuce musu. A watan Janairu na 2023 gwamnati ta ɗage musu sharaɗin zama. A watan Afrilu tara daga cikinsu suka sauka Dakar, ƙaraminsu yana da shekara 85, babbansu 96. Sassaucin bai shafi magina da masu shara da ma'aikatan masana'antu ba. Su a da wata shida ake nema su zauna; a watan Satumba na wannan shekarar ce aka mayar da shi tara.